Babi na 7: Ƙura a Tushe Ake Tare Ta

Me ya sa aikin da bai wuce minti 10 ba yake barin sharar mako guda? Tambayar ke nan da kusan duk wanda ya taɓa yi wa mariƙin sandar fatsa rigar garin zare yake yi bayan gwajinsa na farko. Mariƙin ya fito da kyau, ga laushi kamar karammiski, ga shi ba ya zamewa a hannu ko da ya jiƙe. Amma kuma ga gari baƙi ko shuɗi a kan tebur, a kan gira, a cikin kofin shayi, har a ɗakin da ba a buɗe ƙofarsa ba tun safe. Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo baya, wadda ta fi ta farko nauyi: garin da ya iya shiga ɗakin da yake a rufe, me zai hana shi shiga ƙirji?

Amsar da wannan babi zai tsaya a kai guda ɗaya ce. Ƙurar da ta riga ta tashi ta fi ƙarfin mai kamu, don haka a bakin inda take fitowa ake tare ta. Duk wata dabara da za a kawo, ko akwati, ko fanka, ko takunkumi, ko shara, darajarta tana gwargwadon kusancinta da wannan wuri. Wanda ya gane haka zai iya tsara wurin aikinsa da kwali da leda ya zauna lafiya. Wanda bai gane ba yana iya sayen na'urori masu tsada, amma ya ci gaba da shaƙar abin da yake gudu.

Mene ne garin zare?

Masu haɗa sandar fatsa da hannu a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai sukan sassaƙa mariƙi daga ɗaya cikin abubuwa biyu: ɓawon bishiyar kok, wanda kusan rabin abin da duniya ke samu daga Fotugal yake fitowa, ko kuma wani soso mai tauri na roba. Kok mai kyau yana da tsada, mai arha kuwa cike yake da ramuka, shi ya sa wasunsu suka koma lulluɓe mariƙin da abin da Turawa ke kira fulok. Zare ne na nailan ko rayon, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, aka yayyanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure tsawonsa wajen milimita 1. In ka ɗebo shi a tafin hannu sai ka ɗauka gari ne, saboda haka a nan za mu kira shi garin zare. Yana cikin gidajenmu ko da ba mu san sunansa ba. Shi ne laushin nan da ke cikin akwatin sarƙa da 'yan kunne, da cikin gidan tabarau, da kan wasu rubuce-rubuce masu tudu da ake mannawa a jikin riguna.

Aikin kansa ba shi da wuyar bayani. Ana fara toshe ramukan mariƙin da shafi na farko don kada ya shanye gam, sai a shafa gam mai launi irin na garin, sannan a fesa garin tun gam bai fara kamewa ba. Hanyoyin feshin uku ne. Akwai bututun kwali biyu da ake tura ɗaya cikin ɗaya kamar famfon keke. Akwai bindigar feshi da ake haɗawa da injin iska. Akwai kuma na'urar lantarki mai ɗora wa garin caji na dubun-dubatar bolt, ya tashi ya soke cikin gam a tsaye. Wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa ya ɗauki gutsattsarin takarda da shi ya riga ya ga asalin wannan dabara. A duk hanyoyin uku ƙa'idar ba ta canzawa: dole a fesa fiye da abin da gam zai iya riƙewa, don in aka yi rowa sai mariƙin ya fito da sanƙo. To a nan gizo ke saƙa. Rarar garin wani ɓangare ce ta aikin, ko gwani ne ya yi shi sai ta samu, kuma dole ta tafi wani wuri. Abin da ya rage wa mai aiki shi ne ya zaɓa mata masauki tun kafin ya buɗe gwangwanin gam.

Wadda ake gani da wadda ba a gani

Ana auna irin wannan ƙanƙanta da maikiron, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne. Zaren nailan da ake yanka garin da shi a masana'antun yadi kaurinsa maikiron 10 zuwa 15 ne, tsawon kowane gutsure kuwa wajen 1,000. Gutsure mai wannan girma ba ya kaiwa can cikin huhu. Gashin hanci da majina da maƙogwaro ke tare shi, ya sa atishawa da ƙaiƙayin ido, daga baya ya fita. Da a ce duk abin da ke cikin jakar garin haka girmansa yake, da maganar ba ta wuce ta tsabta ba. Sai dai wuƙar da ke yanka zaren, musamman irin mai juyawa da sauri in ta fara dakushewa, ba ta datse shi tsaf. Takan yage bakin zaren, ta bar ɓurɓushi ƙanana da ke ɓallewa daga baya yayin da ake zuba garin ko ake fesa shi. Waɗannan su ne masu bin numfashi har ƙarshen ƙananan hanyoyin iska.

Bambancin manya da ƙanana ya haɗa har da daɗewarsu a sama. A ɗakin da iska ba ta motsi, ƙwayar ƙura mai maikiron 100 takan faɗo ƙasa daga tsayin mita 1.5 cikin kimanin daƙiƙa 6. Mai maikiron 10 sai ta ɗauki wajen minti 8. Mai maikiron 1 kuwa tana iya kai awa 12 ba ta sauka ba. Wanda ya san hunturu ya san wannan ko ba a kawo masa lissafi ba. Yashin da guguwa ta ɗauka nan kusa yake zubewa, amma hazon da ya taso daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yakan yi tafiyar kwanaki yana rataye a sama, ya shiga ɗaki ta kafar da ba a san da ita ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage dai ido bai san kima ba. Lokacin da mai aiki ya duba ya ga iska ta washe, har ya sauke takunkumi, manyan ne kawai suka kwanta, ƙananan suna nan daidai hancinsa.

Darasin da masana'antu suka saya da tsada

Wannan sani daga asibiti ya fito, bayan mutane sun kwanta. A shekarun 1990 da 1991, ma'aikata 5 na wata masana'antar yadin garin nailan a birnin Kingston na lardin Ontario a Kanada suka kamu da wani ciwon huhu mai tsanani. Da farko an ɗora laifin a kan wata fumfuna da aka samu a wurin aikin. Bayan 'yan shekaru sai irin ciwon ya ɓulla a wata masana'antar a jihar Rhode Island ta Amurka. Wani likitan lafiyar ma'aikata mai suna David Kern ya lura cewa marasa lafiyar da ke zuwa masa da busasshen tari da haki wurin aikinsu ɗaya ne. A 1998 shi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin ma'aikata 8, suka kuma raɗa wa ciwon suna daga sana'ar, wato huhun masu aikin fulok. Kumburi ne da ke kama ƙananan hanyoyin iska da naman da ke kewaye da su. Da yawa sukan sami sauƙi in sun bar wurin aikin, wasu kuma ciwon ya bar musu tabo, wasu ma ya ci gaba da cin su ko bayan sun bari.

Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta shiga irin waɗannan masana'antu ta ɗebi iskarsu, ta kuma tarar da ɓurɓushin nan na nailan da ke iya kaiwa cikin huhu. Abin da ya fi amfani ga mai ƙaramin shago shi ne sanin aikin da ya fi tayar da ƙurar. Ɗaya daga cikin mafiya muni shi ne sharar injuna da bututun iska mai ƙarfi, irin wanda mai faci ke busa taya da shi. Ma'aikatan da ke yawan yin wannan busa sun fi sauran kukan tari da sarƙewar numfashi, shi ya sa hukumar ta ba da shawarar a daina, a koma zuƙewa. Daga baya an ga alamun cewa matsalar ba ta tsaya ga nailan ba, domin an sami rahoton irinta daga garin wasu nau'o'in roba a Sifaniya da Turkiyya, da kuma garin rayon a wata masana'antar katunan gaisuwa a Amurka. Darasin a bayyane yake. A wuraren da aka fi sanin wannan gari, shara ta zama ɗaya daga cikin tushen cuta, saboda an yi ta da hurawa.

Hurawa da zuƙa ba ɗaya ba ne

Kunna kyandir ka ajiye shi nisan kamu guda daga bakinka. Da hurawa ɗaya za ka kashe shi. Yanzu sake kunna shi, ka gwada kashe shi da zuƙar iska daga wannan nisa. Ko za ka zuƙa har ƙirjinka ya yi ciwo, harshen wutar ba zai karkata ba. Dalili shi ne iskar da aka hura tana tafiya a dunƙule kamar kibiya, wadda ake zuƙa kuwa daga kowane gefe take taruwa, don haka ƙarfinta yana rarrabuwa. Masu tsara hanyoyin iska a masana'antu suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi. Iskar da ta fito daga bakin bututu tana riƙe da kashi 10 cikin 100 na saurinta har zuwa nisan da ya ninka faɗin bakin sau 30. In kuwa zuƙa bututun yake yi, saurin yana faɗuwa zuwa wannan kashi 10 a nisan faɗin bakin sau 1 kacal.

Daga wannan ƙa'ida abubuwa da dama suke fitowa. Fankar da aka kafa a taga can ƙarshen ɗaki tana sabunta iskar ɗakin a hankali, amma ba ta da hannun da zai kai bakin mariƙi ya kama gari. Kafin garin ya isa gare ta sai ya ratsa ta gaban fuskar mai aiki. Fankar silin kuwa rabon ƙura take yi, ta ɗauke ta daga tebur ta kai wa kowace kusurwa kasonta. Bututun zuƙa mai faɗin santimita 5 da aka ajiye taƙi biyu daga wurin feshi kusan ado ne, domin bindigar feshin tana hurawa ne, kuma mai hurawa kullum yana rinjayar mai zuƙa. Hanya ɗaya ce ke daidaita wannan kokawa: a kewaye wurin feshin da bango, yadda garin zai bugi bango ya rasa gudu, iskar da za ta shiga kuma ba ta da ƙofa sai 'yan kafofin da aka bar mata.

Akwati kafin komai

Ga dalilin da ya sa gogaggun masu wannan sana'a suka tsaya a kan akwati. Kwali mai kauri ya isa, babbar robar ajiyar kaya mai haske ta fi. A sami wanda ya fi mariƙin tsawo da taƙi guda a kowane gefe. A huda ƙaramin rami a gefen dama da na hagu, a zura mariƙin a jikin siririn ƙarfe ko sanda, a fito da bakinta ta ramukan yadda za a riƙa juya shi daga waje. A shimfiɗa leda mai santsi a ƙasa da bangon ciki. A rufe gaba da leda mai haske, a bar kafar da hannu da bakin mafesa za su shiga. Cika mafesar da gari ma a cikin akwatin ake yi, domin zuba gari daga jaka yana tayar da ƙura kusan kamar feshin kansa, kuma a nan ne mutum ya fi sunkuyar da fuska.

Sai dai akwatin da ake hura wa iska dole iskar ta nemi mafita. In ba a ba ta ƙofa ba za ta fito ta kafar hannu, kai tsaye zuwa fuskar mai aiki. Saboda haka a buɗe taga mai faɗi a bayan akwatin, a rufe ta da matatar iska, a sa zuƙa mai sauƙi a bayanta wadda za ta fitar da iskar waje. Nan ne mutane da yawa ke wuce gona da iri, su haɗa injin zuƙa mai ƙarfi, sai ya sace garin kafin ya kai ga gam, mariƙi ya fito da sanƙo, su ce dabarar ba ta aiki. Abin da ake nema kawai shi ne iska ta riƙa shiga ta kowace kafa, kada ta fita. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin a buɗe gam ko a zuba gari, a kunna turaren tsinke a kai shi bakin kafar hannu. In hayaƙin ya karkata ciki a hankali, zuƙar ta isa. In ya tsaya cak ko ya dawo baya, ba ta isa ba. In ya ruga ciki a guje, ta yi yawa.

Bayan feshi, a bar akwatin a rufe, mariƙin ya kwana a ciki. Garin da ya zube a kan leda dukiya ce, domin sau da yawa ya fi wanda ya manne yawa. In bai taɓa gam ba, a naɗe ledar a hankali, a tankaɗe shi da rariya a cikin akwatin, a mayar da shi kwalba mai murfi. Akwatin da ya kare huhu shi ne kuma ya rage kashe kuɗi. Laimar iska ma tana da tasiri. Masu wannan aiki a masana'antu sukan riƙe ta wajen kashi 60 cikin 100, don a busasshiyar iska garin yana ɗaukar caji da kansa, ya dunƙule, ya manne wa tufafi da bango. Shagon da aka ɗumama da hita a lokacin sanyin Amurka haka yake bushewa, kuma wanda zai gwada aikin a Kano ko Damagaram cikin hunturu zai gamu da abin da ya fi haka. Abu na ƙarshe shi ne wuta. Gam da yawa ana narkar da su da sinadarai irin na tina, tururinsu kuma yana kamawa. Na'urar lantarkin nan tana iya yin tartsatsi, haka ma injin fanka. Wanda zai yi feshin lantarki ya nemi gam ɗin da aka yi don haka, kuma kada a bar wuta ko taba kusa da wurin.

Shara ba da busasshiyar tsintsiya ba

Ko akwati ya kai yadda ya kai, wani abu zai tsere. Yadda aka kwashe shi ne zai nuna ko an ɗauki darasin masana'antu ko ba a ɗauka ba. Iyayenmu mata sun riga injiniyoyi sanin wannan, shi ya sa ba sa share tsakar gida sai sun yayyafa ruwa. Busasshiyar tsintsiya tana tara manya ta tayar da ƙanana, bututun iska kuwa duka yake tayarwa. Abin da ya dace shi ne tsumma mai laima, a goge tebur da ƙasa, a jefa shi a leda a ɗaure. In da hali a sami injin zuƙar ƙura mai matatar da ake kira HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3. Injin zuƙa na gama-gari marar irin wannan matata yakan haɗiye manyan ta gaba ya feso ƙananan ta baya, ɗaki ya yi kyan gani alhali iskarsa ta ƙara lalacewa.

Akwai lokaci na biyu da ƙura ke tashi wanda ake yawan mantawa da shi, wato washegari, sa'ad da gam ya bushe aka zo kakkaɓe garin da bai manne ba. Hannu yakan so ya ɗaga mariƙin a hure shi da baki, ko a buga shi a gefen tebur. A yi wannan kakkaɓa a cikin akwati da buroshi mai laushi, ko a bi mariƙin da bakin injin zuƙa. Haka rigar aiki. Kada a kakkaɓe ta, kada kuma a shiga da ita cikin gida a ɗauki yaro. A cire ta a hankali a bar ta a shago, a wanke hannu da fuska kafin cin abinci.

Matsayin takunkumi

Mutane da yawa da takunkumi suke farawa, kuma a nan suke tsayawa. Yana da amfani, ba a kuma cewa a yi aikin nan babu shi, amma shi ne katanga ta ƙarshe. Nau'in N95 na Amurka yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin gwaji, takwaransa FFP2 na Turai kuma aƙalla kashi 94. Wannan lissafin na yadin takunkumin ne, kuma yana aiki ne kawai in gefensa ya manne da fata. Iska kamar ruwa take, hanya mafi sauƙi take bi, in ta sami kafa a gefen hanci ta nan za ta shiga. Takunkumin asibiti mai sako-sako, ko ƙyalle, ko bakin rawani, suna tare manyan gutsattsari su bar ƙananan. Mai gemu kuma ya sani cewa gashi yana hana gefen takunkumi kamawa, don haka shi ya fi kowa bukatar akwati mai kyau. Sannan takunkumin ƙura ba ya tare tururin gam, wannan sai irin mai gwangwanin gawayi. Babbar gazawarsa kuwa ita ce mutum ɗaya yake karewa, na tsawon lokacin da yake sanye da shi. Ba ya kare almajirin da ke riƙe da fitila, ko yaron da zai shigo bayan awa 2, ko mai aikin kansa in ya dawo da yamma da fuska a buɗe.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce waɗancan ma'aikata sun yi watanni da shekaru suna wuni cikin ƙura, shi kuwa mariƙi 4 ko 5 yake yi a shekara, ina haɗin kifi da kaska? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne yawan abin da aka shaƙa da tsawon lokacin su ne ma'auni. Babu dalilin da zai sa wanda ya yi aikin sau ɗaya ya kasa barci. Amma a duba yadda mai ƙaramin shago yake aiki: ɗaki ƙarami, fuska taƙi ɗaya daga wurin feshi, babu mai auna iska, kuma sau da yawa ɗakin yana manne da inda iyali ke kwana. In akwai mai ciwon asma a gidan, ƙura kaɗan ta isa ta tayar masa. Sannan wanda ya fara da mariƙi ɗaya don kansa, in hannunsa ya faɗa, gobe na sayarwa zai yi, kuma ɗabi'ar da ya fara da ita ita zai ɗauka zuwa can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka ɗora kuɗin kwali da leda a sikeli ɗaya, huhu a ɗaya, babu wani dogon lissafi.

Wani kuma zai ce a fita waje mana, iska ta kwashe. Mai shiƙar gero ma haka take yi, ta juya wa iska baya ƙaiƙayi ya tafi. Fita waje tana rage abin da mai aiki zai shaƙa, wannan ba a musu. Sai dai iskar da ta kwashe gari ita ce kuma ke kawo yashi kan ɗanyen gam, rana kuma ta sa saman gam ya kame kafin a gama feshi. Ƙaiƙayin gero yana ruɓewa ya zama taki, nailan kuwa yana daɗewa bai ruɓe ba. Yakan bi ruwan sama ya shiga kwata, daga kwata ya gangara kogi, ya tarar da kifin da aka ƙera sandar dominsa. Wanda ke son iskar waje ya ɗauki akwatinsa ya kai inuwar rumfa, ya haɗa amfanin biyu.

Akwai masu cewa na'urar lantarki ta kashe maganar, tunda caji ke jan garin zuwa ga mariƙi. Tana rage watsuwa ƙwarai, amma garin da ya sauka inda gam ya riga ya cika yakan yi tsalle ya koma, ya manne wa hannu da tufafi, don haka ita ma tana bukatar akwati. Daga ƙarshe akwai mai cewa in haka abin yake, a bar shi mana. Wannan ita ce hujjar da ba a iya kayar da ita, kuma masana lafiyar ma'aikata ita suke sawa a gaba da komai: haɗarin da za a iya kawar da shi ɗungurungum, a kawar. Mariƙin kok tsirara yana kama kifi, haka wanda aka sa wa rigar roba mai tsukewa da zafi. Wanda ba shi da wurin da zai keɓe, ko haƙurin haɗa akwati, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana aikin, ya ga busasshen tari ya ƙi tafiya, ko yana haki a inda da ba ya yi, ya je asibiti ya faɗa wa likita ainihin abin da yake shaƙa, don ba kowane likita zai yi tunanin tambaya ba.

Ƙura da kyan aiki

Ko wanda duk wannan bai girgiza shi ba, akwai alƙalin da ba ya karɓar uzuri, wato sandar kanta. Bayan mariƙi, aikin da ke biye shi ne ɗaura zobban da igiyar fatsa ke bi ta ciki, a naɗe ƙafafunsu da zare, a shafe naɗin da efoksi mai haske, dangin gam ɗin nan mai haɗi biyu irin su Araldite. Wannan shafi yana ɗaukar awoyi kafin ya kame, sandar tana juyawa a hankali a kan inji don kada ya taru gefe ɗaya. A tsawon waɗannan awoyi tarko ne ga duk abin da ke yawo a iska. Gutsuren gari baƙi ɗaya tak in ya sauka a kai, zai zauna ƙarƙashin hasken muddin sandar tana raye, kowa ya ɗauke ta sai idonsa ya faɗa a kansa. Shi ya sa masu hankali ke gama mariƙi tun kafin su taɓa zobba, a wani ɗaki dabam in da hali, su goge ko'ina da laima, su bar iska ta kwana. Tun ran gini ran zane. Yadda ake ɗaura waɗannan zobba a mazauninsu, da yadda ake haɗa efoksi a shafa shi ya fito garau babu kumfa babu gashi, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.